Alƙalamin Baba a Kasuwar Malanbil

'Yata ce ta jawo zancen. Ta zo hutu daga jami'ar Paraku, muna zaune bayan sallar isha'i, sai ta miƙo mini wayarta ta ce, "Baba, dubi irin alƙalamin Kaka." Na karɓa na ƙura ido. Wani makeken zaure ne kusa da birnin Washinton na Amurka, tebura jere reras, kowanne shaƙe da alƙaluma masu shan tawada. Duk shekara ake wannan taro. Wasu su zo saye, wasu sayarwa, wasu su kawo gyara, wasu kallo kawai. Na ga wani dattijo ya kafa gilashi a ido yana duba bakin alƙalami kamar mai awon zinariya.

Na yi dariya na mayar mata da wayar. Amma a daren nan barci bai zo mini da wuri ba.

Albasa ce sana'ata. Ina saro ta daga Galmi, ta biyo ta Dosso da Gaya, ta haye gadar kogin Kwara zuwa nan Malanbil, daga nan masu Kwatano su ɗauka. Da sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, gadar da ba ta hutawa dare da rana ta yi tsit. Manyan motoci suka yi layin da ido ba ya ganin ƙarshensa. Albasa kuwa ba ta san jira ba. Buhunan da na biya kuɗinsu suka ruɓe a ƙetare, ga bashi, ga kuɗin makarantar yarinyar nan ya gabato. Shi ya sa da na ga ana ciniki a kan abin da ke kwance a ƙasan akwatina, zuciyata ta fara lissafi.

Mahaifina marubucin wasiƙa ne a wannan kasuwa tun ƙasar tana amsa sunan Dahome, kafin a mayar da ita Benin a 1975. Ɗan tebur gare shi da benci ɗaya. Bahaushe ya zo, Badande ya zo, Bazabarme da Bafulatani su zo, kowa ya faɗi tasa, Baba ya rubuta da Faransanci in ta hukuma ce, da ajami in ta gida ce. Ya rubuta takardar bashi, ta aure, ta neman gafarar uwa. Bai taɓa kawo mana labarin ko ɗaya gida ba. In muka matsa masa da tambaya sai ya ce, "Alƙalami ne ya ji, ba ni ba."

Alƙalamin Parker 51 ne, irin da aka fara fitarwa a 1941. Baƙi ne, murfinsa na ƙarfe, maƙalinsa siffar kibiya, bakinsa a ɓoye sai ɗan tsinin da ke leƙowa. Akan warware gindinsa, a tsoma bakin a kwalba, a matsa wata 'yar jaka da ke ciki ta zuƙi tawada. Ina ɗan shekara 9 na taɓa ɗura masa tawadar allo daga kurtuna, don in burge Baba. Ƙaron da ke cikinta ya daskare ya toshe shi. Kwana uku yana jiƙe a ruwa, kwana uku Baba bai ce mini uffan ba. Da ma dukana ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Washegarin ganin bidiyon na sa 'yata ta ɗauki hotonsa, ta aika wa wani mai sayen kayan da a Kwatano. Kafin amsa ta zo, na zura shi a aljihu na nufi kasuwa. A layin masu littattafai akwai rumfar wani tsohon alaramma, abokin Baba, mai sayar da allo da kurtu da tasbaha da alƙaluman kara, guda dala biyar. Na gaishe shi, na fiddo alƙalamin na ce, "Alaramma, ka gane wannan?"

Ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana juya shi kafin ya ce, "Allah ya jiƙan mai shi. Da wannan ya rubuta wasiƙar da ta dawo mini da ɗana daga Kumasi."

Na ba shi labarin taron Amurka. Ya yi mamaki ƙwarai, ba don tsadar ba, sai don na ce masa wanda ba a taɓa rubutu da shi ba ya fi daraja a wurinsu. Ya ce, "To, ranar Lahadi ka dawo. Mu ma sai mu yi namu taron."

Na ɗauka raha ce. Da na je ranar Lahadi bayan la'asar, kasuwa ta fara watsewa, sai na tarar da tsofaffi biyar a kan tabarma, kowa da ƙunshinsa. Wani tsohon malamin lakwal, wanda har yau mushe muke ce masa, ya kawo mariƙin katako da 'yan bakunan ƙarfe na Sergent-Major a cikin gwangwanin ashana. Da su ya koyar da rubutu, ana tsomawa a tawada shuɗiya mai ja-ja da ke cikin ramin tebur. Ya ce ko a Faransa sai a 1965 aka yarda yara su shiga aji da bik. Wani da ya yi akawu a wurin 'yan fito ya kawo Hero, ɗan ƙasar Sin, wanda suka kwaikwayi siffar na Baba. Wani ɗan Kamba ya ce shi biro kawai ya sani, aka kwashe da dariya, aka shiga musu: mutanen Najeriya na cewa biro, mu muna cewa bik. Mushe ya raba gardamar. Ya ce duka sunayen mutane ne, Biro ɗan Hangari da ya ƙirƙiro shi, da Bich na Faransa da ya cika duniya da shi tun daga 1950.

Daga ƙarshe alaramma ya buɗe gafakarsa ya fiddo wani ɗauri na alƙaluman kara, duk sun gajarce saboda fiƙa, bakinsu ya rine da yambari, tawadar nan da ba ta wankuwa. Da su ya rubuta Alƙur'aninsa na farko da ka. Ya ce kowanne sai da ya fiƙe shi har ya kasa riƙuwa kafin ya ajiye. Ba wanda ya tambayi farashin komai. Kowa ya ɗaga nasa, sai ya faɗi abin da ya rubuta da shi.

A daren ne amsar mutumin Kwatano ta iso. Ya ce na gaske ne, amma bakin ya cinye ta gefe guda, jikin ya goge, murfin ya lotsa. Kuɗin da ya yi tayi bai kai na buhun albasa ɗaya ba. Ba zan yi ƙarya ba: da ya ambaci abin da zai biya kuɗin makaranta, da wataƙila yau alƙalamin yana hannun wani. Mai neman mafita ba ya zaɓen ƙofa. Babur ɗina na sayar, yarinya ta koma karatu.

Bayan kwana biyu mushe ya aiko mini da ragowar tawadar kwalba. Na wanke alƙalamin da ruwan sanyi, na ɗura masa, na zauna zan rubuta wa ƙanwata da ke aure a Gaya, wadda rufe gada ya raba mu ko da yake daga bakin kogi ina hango garinsu. Waya tana nan, amma akwai maganar gadon gidanmu da na kasa faɗa mata da baki. Na ɗora bakin a takarda, ya karce, ya ƙi bayar da tawada. Na sake, ya ƙi. Sai na tuna yadda Baba yake kwantar da hannunsa, ya ɗan karkata shi hagu. Na karkata. Tawada ta zubo sumul.

Cinyewar nan da mai saye ya rage kuɗi saboda ita, shekarun Baba ne a kan wancan benci. Har yau alƙalamin ba ya rubutu sai an riƙe shi yadda ya riƙe shi.

Na cika shafi biyu, na ninke, na ba wani mai kwalekwale da na sani ya haye da ita. Ranar kasuwa ta gaba ya kawo mini amsa, da bik ta rubuta. Layin farko bayan gaisuwa, tambaya ce: "Yaya, a ina ka samo rubutun Baba?"