Shakazoba daga Amurka zuwa Kano: lissafin da ba a rubuta a shafin sayarwa ba

1/ Jama'a, tun da na saka hoton ƙafafun motata kwanaki saƙonni suka yi min yawa. "Nawa ka sayo?" "Kwastam nawa suka karɓa?" "Ya fi na kasuwa?" Bari in amsa wa kowa a zare ɗaya. Mai sauri ya ajiye sai dare, don da ɗan tsawo.

2/ Motar Corolla ce 2010, 'yar Amurka. Ita ce ta zuwa aiki, ita ce ta kai yara makaranta, kuma duk bayan sati biyu da ita nake zuwa Zariya gaida Hajiyarmu. Cikin shekara ɗaya da rabi na canja shakazobar gaba sau uku. Sau uku fa!

3/ Na farko 'yar Beljiyam ce, ta yi wata biyar. Ta biyu sabuwa fil a kwali, da tambari mai ƙyalli, wata uku ta fara zubar da mai. Ta uku tun a satin farko take ƙara. Ba na cewa babu na gaske a kasuwanninmu, akwai. Matsalar ita ce kwalin na gaske da na jabu yanzu ido ba ya raba su.

4/ Mutane na ɗauka shakazoba don jin daɗin zama ce kawai. Babban aikinta shi ne danne taya a kan kwalta. In ta mutu tayar tana ta tsalle ne, kuma tayar da ke sama birki ba ya kama ta. Rannan a kusa da Kwanar Dangora wata tirela ta ci birki a gabana, na taka, motar ta duƙa gaba tana rawa. Allah ya tsare. Uwargida ba ta ce uffan ba har muka isa, sai da muka sauka ta ce "Baban Ummi, ko dai mu koma shiga ta haya?" A daren nan na buɗe waya na fara nema.

5/ Abu na farko, lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, suna ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Na farkon yana gaya maka ƙasar da aka ƙera motar: 1, 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, J Japan. Na goma kuma shekara ce, A na nufin 2010. Da wannan lambar ake nema, ba da "Corolla 2010" kawai ba, don 'yar Amurka da 'yar Turai da 'yar Dubai sukan bambanta a wasu kayan duk da suna ɗaya.

6/ Ɗan ratse kaɗan. Masu sayo fitilun gaba daga Ingila ko Japan, ku yi hattara. Su a hagu suke tuƙi, mu kuma tun 1972 muka koma dama. Fitilarsu an yi ta ne ta ɗaga haske zuwa gefen hagu, a titinmu kuwa nan ne idon mai tahowa yake. Wani abokina ya sa irinsu, duk motar da ya gamu da ita da daddare sai ta watso masa fitila.

7/ Na zaɓi cikakkiyar ƙafa ta KYB, wato shakazoba haɗe da sifirin ɗinta da kan da ake ɗaurewa a jikin mota. Biyu na gaba, biyu na baya, da 'yan ƙananan robobi. Duka dala 420. Na buga a kalkuleta na yi murmushi, na ce ai da sauƙi.

8/ Sai jigila. Shagon ba ya aikowa Najeriya, don haka sai ta hannun kamfanonin nan masu ba ka adireshi a can, su tattara su ɗoro a jirgi. Kuma su ba nauyin sikeli kaɗai suke kallo ba. Suna auna tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita, su ninka, su raba (galibi da 5,000), duk wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin gaske shi za ka biya. Bamba ko fitila ba su da nauyi amma kwalinsu kan ci kuɗi fiye da ƙarfe. Nawa da inshora ya tashi dala 190.

9/ To yanzu kuɗin fito, inda akasari ake kuka. Wannan a 2024 ne, ku riƙe shekarar.
Kwastam ba a kan kuɗin kaya kaɗai suke lissafi ba. Kuɗin kaya ne, da na jigila, da na inshora, a haɗe. Wato nawa ba dala 420 ba ce a wajensu, 610 ce. Eh, har kuɗin jirgin ma ana biya masa haraji.

10/ Sannan a mayar da ita naira da farashin da ke kan na'urarsu a lokacin da ake tantance kayan. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dalar gwamnati ba ta kai 500 ba. A 2024 ta haura 1,500, kuma farashin kwastam ya yi ta canjawa. Kaya na sama a jirgi, lissafinka na ƙasa yana motsi.

11/ Kowane kaya na da lambar rukuni ta duniya. Kayan jikin mota galibi suna ƙarƙashin 8708, fitilu kuma 8512. Jadawalin ECOWAS da Najeriya ke bi matakai biyar ne: kashi 0, 5, 10, 20 da 35. Lambar da aka sa wa kayanka ita ke yanke matakin da za ka faɗa, shi ya sa abin da aka rubuta a takardar saye yake da muhimmanci. "Kayan mota" kawai ba bayani ba ne.

12/ Mu yi lissafi tare, mu ƙaddara kashi 10 ne, dala kuma 1,500.
Dala 610 ta zama ₦915,000.
Fito: ₦91,500.
Ƙarin kashi 7 a kan fiton: ₦6,405.
Kashi 1 na duba kaya, a kan kuɗin kayan kaɗai: ₦6,300.
Rabin kashi ɗaya na ECOWAS: ₦4,575.
Sai harajin VAT kashi 7.5, shi kuma a kan jimillar duk na sama ne har da kuɗin kayan: kusan ₦76,800.
Ka ga an tashi wajen ₦185,500. Haraji a kan haraji, amma dai kowanne da sunansa a doka, kana iya zama ka lissafa da kanka.

13/ Saƙon da kamfanin jigilar ya turo min kuwa ₦268,000 ne, layi ɗaya tak: "kuɗin kwastam". Babu rabe-rabe. Kuma wai in biya cikin kwana uku ko kuɗin ajiya ya fara hawa kullum.

14/ A nan ne mutum yake shiga tsaka mai wuya. Ka riga ka zuba sama da dubu ɗari tara, kayan suna Legas, kai kana Kano. In ka ja, ajiya na ƙaruwa. In ka bari, ka yi asarar duka. Su ma sun san haka. Ga shi watan biyan kuɗin makaranta ne, wallahi sai da na kwana biyu ina juya abin.

15/ Na kira su. Yarinyar da ta ɗauka ta ce "Yallaɓai haka kwastam suka yanka." Na ce "To 'yar'uwa, ba gardama nake ba. Turo min takardar da suka yanka ɗin da rasit, in gani in biya." Shiru. Washegari na sake kira, aka haɗa ni da ogansu. Sai ga takarda: na gwamnati bai yi nisa da lissafina ba. Ragowar dubu tamanin da wani abu nasu ne, kuɗin dillali, kuɗin "sarrafawa", da kuɗin ajiyar kwanakin da ko sanar da ni ba su yi kayan sun iso ba.

16/ Na ce na dillali zan biya, aiki ne an yi. Na ajiya kuwa a nuna min ranar da aka kira ni. Aka cire. Na biya ₦231,000. Abin da ya fi ba ni haushi ba kuɗin ba ne, laƙaba wa kwastam da aka yi. Da yawanmu muna zagin masu kaki a kan kuɗin da ko ganinsa ba su yi ba.

17/ Wani ya ce min da na sa an rage kuɗin a takardar saye. Ban yi ba kuma ba na ba da shawara. Suna da ikon ƙin yarda da farashin su sa nasu, ga riƙe kaya. Sannan in kwalin ya ɓace, inshora abin da ka rubuta za ta biya ka.

18/ Kaya sun iso, sai gareji. Bakanikena ya zazzage kwalin ya ɗaga ɗaya ya jinjina, ya ce "Alhaji, wannan ai ta fi motar tsada." Yaransa suka kwashe da dariya. Shekara takwas muna tare, hannunsa na da kyau, amma na ɗauko kujera na zauna a wajen har aka gama.

19/ Dalilin sayen cikakkiyar ƙafa: ba sai an matse sifirin ba. Wanda ya taɓa ganin yadda ake matse shi da waya ko tsohon bel a garejinmu ya san abin da nake nufi. In ya kuɓuce yana iya fasa wa yaro fuska. Wannan kuwa a kwance tsohuwa, a ɗaura sabuwa. Na gaba akwai ta dama akwai ta hagu, a duba rubutun jikinsu.

20/ Inda muka ɗan ja da shi wuri biyu ne. Na farko ya so ya ƙara roba a sama don motar ta ɗaga saboda ramuka. Na gane hujjarsa, duk mai bin titunan cikin unguwa da damina ya san zafin jin ƙasan motarsa na gurzar ƙasa. Amma sabon sifirin da kansa zai dawo da tsayin da tsohon ya rasa. Na ce "Oga, mu sauke ta tukuna mu gani." Da aka sauke ya zagaya ta sau biyu ya ce "To, a bar ta haka."

21/ Na biyu, notin da ke ratsa roba a ƙasan na baya. Sun saba ɗaure shi tamau mota na kan jak, ƙafa na reto. In aka sauke, robar tana murɗewa ta zauna a murɗe, ba ta daɗewa take tsagewa. Ana ƙarasa ɗaurin ne bayan nauyin motar ya hau kan tayoyin. Ya yi jim, ya ce ya taɓa ji, gaggawa ce ke hana su. Ya sa yaro ya shiga ƙarƙashi da sifana bayan an sauke.

22/ Daga nan kai tsaye wajen masu saita ƙafa da kwamfuta. Kar a tsallake wannan. An taɓa ƙafar gaba, saitin ya motsa, kuma sabbin tayoyi na iya cinyewa ta gefe ɗaya cikin 'yan watanni.

23/ Jimilla da kuɗin aiki da saiti, na doshi miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Da wannan kuɗin zan iya sayen 'yan Beljiyam sau da yawa, ban musa ba. Ga wanda motarsa ba ta fita gari, ni ban ga dalilin wannan wahalar ba, ya nemi amintaccen mai shago ya riƙe shi. Ni mai hawa titin Zariya da iyali ne. Sama da shekara yanzu babu ɗigon mai, babu ƙara, kuma maganar motar haya ba ta sake tasowa a gidana ba.

24/ Garanti kuwa ku manta da shi. In ta lalace, kuɗin mayar da ita Amurka ya kusa na sabuwa.

25/ Masu shirin yin oda yanzu, abubuwa sun motsa bayan nawa. A 2025 an yi ta kai-komo kan wani sabon kashi 4 na kuɗin kaya, a kawo shi a dakatar. A Satumban shekarar kuma hukumar kwastam ta sanar cewa ƙananan kayan da ba su wuce dala 300 ba an yafe musu fito, har sau huɗu a shekara. Filogi, sensa, takalmin birki duk suna iya shiga ciki. Kafin ka danna biya, sa kamfanin jigilar ya rubuto maka nasu cajin daban da na gwamnati, da ranar da ajiya ke fara ƙirguwa.

26/ Mai Camry da ya tambaye ni lambar kayan da na saya: tawa ba za ta hau taka ba, turo lambar shasinka ta akwatin saƙo in duba maka in na tashi daga aiki.