Taku Uku da Na Koya a Arlit

Ranar da likita ya kwance abin awo daga damtsena, sai ya dube ni ya ce, "Baba, jininka ya hau, kuma ƙwaya kaɗai ba za ta ishe ka ba. Me kake yi na motsa jiki?" Na yi shiru. Daga gida sai masallaci, daga masallaci sai fada wurin shayi, iyakar tafiyata ke nan a nan Maradi. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana son kowane babba ya samu aƙalla minti 150 a mako yana motsi har numfashinsa ya ɗan ɗaga. Ya tambaye ni wasan da na saba da shi a ƙuruciya, ƙwallo ko kokowa. Na ce masa rawa. Ya kalli gemuna fari fat, ya fashe da dariya, ya ɗauka barkwanci nake yi.

Alhali kuwa gaskiya na faɗa masa.

A 1978 na sauka Arlit, ina ɗan shekara 22, da ƴar takardar shaidar aikin lantarki a aljihu. Kwaltar da ta taso daga Tawa ba ta gama isowa ba, saboda haka mun sha ƙura a bayan mota har muka manta launin rigunanmu. Garin kansa jariri ne. An kafa SOMAIR a 1968, ta fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK kuma a shekarar da na zo ta fara fitar da nata a Akuta, daga rami mai zurfin mita kusan 250, ma'aikatanta suna zaune a Akokan. Ni wani ƙaramin kamfani ne ya ɗauke ni, mai yi wa manyan aikin waya da fitilu. Ƙaramar Faris ake ce wa garin a lokacin, kuma wanda ya leƙa unguwar manyan ma'aikata ya ga kantinsu da wurin iyonsu a tsakiyar hamada ba zai yi musu ba. Mu dai Bukkoki muke kwana, sunan ya ishe ka bayani.

Abin da ba a faɗa wa mai zuwa Arlit shi ne kewa. Gari ne na gwauraye da tuzurai. Kuɗi akwai, amma in ka tashi aiki babu uwa, babu ƙanwa, babu dandali, sai iska mai yashi da dare mai tsawo. Na ga samari masu ƙarfi waɗanda albashinsu ya ƙare a kwalba, ba don sun taso da sha ba, don dai su samu barci.

Wata Asabar aka aike ni gyaran wayar lasifika a gidan shaƙatawar manyan ma'aikata. Ban gama ba aka fara taro, na maƙale a kan tsani ina kallo. Mu rawar da muka sani ta kalangu ce da ta ganga, kowa da tasa, ka shiga fili ka nuna abin da ka iya ka fita. Wannan kuwa mutum biyu ne suke tafiya kamar ƙafa huɗu na jiki ɗaya, suna kewaya ɗaki ba mai taka wani, ba kuma mai cewa uffan. Na rasa wanda yake faɗa wa ɗan'uwansa inda za a juya.

Maƙwabcina wani bakanike ne mutumin Kwatano, ya girme ni da shekara kamar goma sha biyar, Yaya nake kiransa. Da na ba shi labari sai ya ce, "Ƙanena, vals ke nan ka gani. Taku uku ne kawai. Tashi." Ya ba ni tsintsiya mai sanda na rungume, ya ɗora mini ƙaramin kofin shayi a ka, ya ce in ya faɗi ni zan saya. Na sayi kofi huɗu a wata guda.

Daga nan tsakar gidansa ta zama makaranta. Yana da rakoda da kaset-kaset cike da kwali: Franco da OK Jazz da Tabu Ley masu rumba, da ƴan Kyuba na Orquesta Aragón masu ca-ca-ca. Mata babu, don haka ƙarti ne bibbiyu, direban katafila riƙe da mai walda, ana musu a kan wanda zai zama mace. Wani Bazabarme ya ce ca-ca-ca ai rawar ƴan mata ce, a yi gaba a dawo baya, amma shi ne kullum yake fara isowa. Buzayen da ke gadi kusa da mu, waɗanda suka saba da tande, sukan tsaya a bakin ƙofa su yi ta girgiza kai a cikin rawani.

A jikina na fara ganin abin. Mai aikin lantarki yini yake a duƙe ko a lanƙwashe cikin lungu, bayana har ya fara ƙobarewa tun ban kai talatin ba. Rawar nan ba ta yarda da ƙusumbi: ƙirji a buɗe, kafaɗa a sake, nauyi a kan gaban tafin ƙafa. Sa'a guda ta rumba tana fitar da gumi kamar ka yi sassarfa daga Arlit zuwa Akokan, sai dai ba ka jin tsawonta. Ga kuma taku da baya da juyi, waɗanda suke koya wa ƙafa ta san inda ƙasa take ba tare da ido ya duba ba. Barci kuwa, ranar rawa ko juyi ba na yi. Amma abin da ya fi waɗannan duka, a ganina, shi ne dole ka saurari wani. Hannunka na bayan abokin rawa, da ɗan matsi kaɗan kake gaya masa za a juya, da ɗan tauri kaɗan yake gaya maka bai shirya ba. Wanda ya yi sa'a guda yana wannan ba ya komawa ɗaki da irin kewar da ya fito da ita.

Ba zan ɓoye ba, da mahaifina ya gan ni da ya tsine wa tsintsiyar. Kuma abin da ake yi a wancan gidan shaƙatawa, giya a tebur da riƙe matar wani, ban kare shi a lokacin ba, ba kuma zan kare shi yau ba. Abin da na ɗauko daga can takun ne.

A 1983 na yi aure, aka kawo mini amarya daga Tasawa. Da na fara miƙa mata hannu na kunna kaset, sai ta ja mayafi ta ce, "Malam, wannan ai rawar ƴan bariki ce." Na ce bariki na waje, nan ɗakinki ne, ƙofa kuma a rufe. Ta yi wata uku tana kallona ina rawa da tsintsiya tana dariya. Ranar da ta yarda ta tashi, a dare ɗaya ta kama abin da ya ci mini kofi huɗu, don ita ta yi gaɗa tun tana ƙarama, kunnenta ya fi nawa jin kiɗa. Mun yi saɓani a zamanmu kamar kowa, amma na lura wuya ne ka riƙe fushi da wanda kuke ƙirga ɗaya, biyu, uku tare.

Sauran labarin garin sananne ne. Farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, tawaye ya tashi a 1990, aka karya darajar sefa a Janairun 1994, iyalan Turawa suka yi ta raguwa. Yaya ya koma Kwatano, ya bar mini kwalin kaset. Wani ɗan ƙasarsu, Idrissou Mora-Kpai, ya yi fim a kan Arlit a 2005, wanda ya gan shi ya ga abin da ya rage na Ƙaramar Faris. Ramin Akuta an rufe shi ran 31 ga Maris 2021. Mu kuma ƴaƴa suka cika gida, girma ya zo, aka je Makka aka dawo, rawa ta mutu ba tare da kowa ya ce a daina ba.

Ƴata ma'aikaciyar jinya ce, ita na fara ba labarin dariyar likita. Ba ta yi dariya ba. Ta ce a 2003 mujallar likitoci ta New England ta buga wani bincike da Joe Verghese da abokan aikinsa suka yi a birnin New York, inda suka bi tsofaffi 469 da suka haura shekara 75 na tsawon shekaru. Cikin duk wasannin motsa jiki da suka duba, rawa ce kaɗai aka ga masu yinta sun fi tsira daga ciwon mantuwa. Ta ƙara da cewa a Amurka har rawar tango ake koya wa masu ciwon karkarwa na Parkinson don tsayuwarsu ta daidaita. Ni dai na ce mata a bi a hankali, wataƙila masu lafiyar ƙwaƙwalwa ne tun farko suke iya zuwa rawa. Sai dai na san abu ɗaya: rawar nan ƙafa da kunne da lissafi take sa wa aiki a lokaci guda, tafiya zuwa fada kuwa ko barci kake yi ƙafarka za ta kai ka.

Kaset ɗin duk sun lalace, jikana ne ya zuba mini waƙoƙin Franco a waya, bai kuma tambayi dalili ba. Daren farko Hajiya ta ce, "Alhaji, da wannan gwiwar tawa? In jikoki suka ji fa?" Na rage sauti, na sa sakata. Minti biyar muka yi muka zauna muna haki.

Yau wata bakwai ke nan. Bayan isha'i, sau huɗu a mako, minti ashirin, juyin ma rabi muke yi saboda gwiwarta. Ƙwayar likita ban fasa sha ba. Awon da aka yi mini ranar Litinin 13 bisa 8 ya nuna, kuma har yanzu likitan yana zaton yawo nake yi da asuba.