Amfilifayar da muka haɗa da hannu

Da yawa daga cikinku sun tambaye mu labarin ƙaramin akwatin katakon nan da ke kusa da mai kaɗa jita a lokacin sujada, wanda in aka leƙa bayansa ake ganin kwalabe uku suna ɗan haske kamar garwashi. Amfilifaya ce, kuma mu 'yan kiɗa na zumuntar matasa muka haɗa ta da hannunmu.

Kun san wadda muke da ita a da. Muddin ana waƙa ba a jin aibinta, amma da zarar fasto ya ce mu sunkuyar da kai, sai ƙuginta ya cika majami'a kamar kudan zuma sun shiga silin. Abin da ba ku sani ba shi ne mai jitarmu ya daɗe yana tsoron makirfo, domin in yatsunsa suna kan tsirkiya leɓensa kuma ya taɓa makirfo, wuta takan ɗan ja shi. Wannan ba abin dariya ba ne. A shekarar 1972 wani makaɗin jita ɗan Sikotilan, Leslie Harvey, ya mutu a kan dandamali a garin Swansea, a gaban jama'a, saboda makirfon da ba a haɗa shi da ƙasa yadda ya kamata ba.

Wani dattijo a ikilisiyarmu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran rediyo, shi ya ce mana: "'Ya'yana, ku sayi kayan, ni zan zauna kusa da ku, amma ba zan taɓa muku ko waya ɗaya ba." Ba kowa ya yarda ba. Wasu sun ce a cika kuɗin a sayi sabuwa a kasuwa a huta, kuma gaskiya suna da hujja, domin irin wadda muka haɗa ba ta fi ta kasuwa araha ba. Mu dai mun lura cewa idon Baba ya fara rauni, kuma duk cikinmu babu wanda ya iya karanta zanen da shi yake karantawa kamar wasiƙa.

Zanen da muka bi na wata ƙaramar amfilifaya ce mai suna Champ, wadda kamfanin Fender na Amurka ya riƙa ƙerawa a ƙarshen shekarun 1950. Mai kamfanin a wancan lokacin, Leo Fender, shi ma da gyaran rediyo ya fara a Kalifoniya, kuma bai iya kaɗa jita ba, abin da ya ba Baba dariya ƙwarai. Maɓallin juyawa ɗaya kawai gare ta, na ƙara murya, ƙarfinta kuma kamar wat 5 ne. Kwalaben, waɗanda tsofaffin masu gyara ke kira bawul, kowace da aikinta. Ta farko, 5Y3, tana juya wutar gida mai kai da komowa ta zama mai tafiya hanya ɗaya. Ta biyu, 12AX7, ita ke karɓar ɗan abin da ke fitowa daga jita, wanda sau da yawa bai kai bolt ɗaya ba, ta ɗaga shi hawa biyu. Ta uku, 6V6, ita ke ba shi ƙarfin da zai motsa lasifika. A cikin kowace an zuƙe iska, akwai kuma siririyar waya da dole ta yi zafi kafin komai ya gudana. Shi ya sa in an kunna sai an ɗan jira. Tun da aka ƙirƙiro taransista a 1947 aka soma barin irin waɗannan kwalabe, amma har yau ana yin su a Rasha da Silobakiya da Sin, kuma makaɗan jita suna cikin waɗanda suka hana su ɓacewa.

Abu na farko da Baba ya koya mana shi ne tsoro. A cikin akwatin nan wuta takan wuce bolt 300, kuma kafasita tana iya riƙe ta ko bayan an zare fulogi. Sai an sauke wutar ta cikin rezista, an auna da mita an ga ta sauka, kafin a sa hannu. In kuwa dole a auna tana kunne, hannu ɗaya yana cikin aljihu, don kada wuta ta bi ta ƙirji. Muna roƙon ƙannenmu da ke karanta wannan, kada kowa ya buɗe irin wannan akwati shi kaɗai. Mun kuma canja abu biyu daga tsohon zanen. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, don haka sai da muka nemi taransfomar da ta dace da tamu. Sa'an nan amfilifayoyin wancan zamani waya biyu ce ke shiga cikinsu, babu ta ƙasa. Mu mun sa mai uku, muka ɗaure ta ƙasan a jikin ƙarfen da nata kusa, ita kaɗai. Muka kuma kira mai aikin lantarki ya duba soket ɗin da ke gaban majami'a, domin wayar ƙasa ba ta da amfani in a cikin bango ba ta kai ko'ina ba.

Mun yi zaton yawancin aikin zai tafi ne wajen sa ta yi ƙara. Ashe ƙara ba ta da wuya. Asabar bayan Asabar, abin da ya cinye lokacinmu shi ne hana ta faɗin abin da ba a ba ta ba. Amfilifaya ba ta san bambancin waƙa da hayaniya ba. Duk abin da ya shiga bakinta ɗaga shi take yi. Wutar gida tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, kuma in ko kaɗan daga wannan ya tsallaka cikin hanyar jita, ƙugin nan ke nan da kuka sani. Saboda haka wayoyi biyu masu ɗumama kwalabe sai an murɗa su tare kamar tufkar igiya, a kwantar da su a lungu nesa da wayar jita. Inda dole waya ta ƙetare wata, sai ta ƙetare ta a gicciye, kada su jera. Taransfomomin biyu kuma ba a sa su fuskanci hanya ɗaya. Wata 'yar'uwarmu mai ɗinki ita ta fi kowa iya narka dalma. Nata haɗin sumul yake fita yana ƙyalli, har Baba ya riƙa ɗaga shi yana nuna wa samari.

A nan ne Baba ya tuna mana da 1 Sarakuna sura 6, inda aka ba da labarin ginin Haikali a zamanin Sulemanu. Tun a wurin haƙar duwatsu aka gama sassaƙa su, har ba a ji ƙarar kayan ƙarfe a wurin ginin ba. Ya ce shirun da aka samu a Haikali, wasu ne suka saye shi da gumi a wani wurin da ba a ganinsu. Mun daɗe muna juya wannan magana. Mu 'yan kiɗa muna son a ji mu, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, kuma sau da yawa muna auna albarkar sujada da yadda gini ya girgiza. Amma akwai gwauruwar da ta zo da nauyi a zuciya, akwai saurayin da ya zo yana shawarar ko zai sake dawowa. Lokacin da suka fi bukata shi ne ɗan shirun nan tsakanin waƙa da addu'a, kuma shekaru muna cika musu shi da ƙugi. Haka ma zumuntarmu take. In akwai ƙyashi ko ɓacin rai tsakanin mai ganga da mai jita, tsayawa a gaban jama'a ba ya rage shi, ƙara masa murya yake yi.

Ranar gwaji mun haɗa lasifika tukuna, domin irin wannan amfilifaya in aka kaɗa ta babu lasifika taransfomarta na iya ƙonewa. Muka bi da wutar ta cikin tsohon ƙwan lantarki, wanda in akwai matsala zai yi haske sosai ya tare wutar. Muka yi addu'a, muka kunna. Ƙwan ya ɗan haska ya dusashe, kwalabe suka yi ja. Ba mu ji komai ba, har wani ya ce, "Baba, anya ta tashi?" Baba ya ce wa mai jita, "Ɗana, taɓa tsirkiya." Sai ga murya ta fito, mai taushi, mai kauri, in ya kaɗa a hankali ta bi shi a hankali, in ya matsa ta ɗan yi gurnani.

Saura magana ɗaya da ba mu gama ba. Wat 5 ba ya iya ja da ganguna in mai ganga ya saki hannu. Wasu sun ce a ajiye makirfo a gabanta a tura ta cikin manyan lasifikoki, wasu sun ce a'a, mai ganga ne zai sassauta. Makonni uku ke nan yana sassautawa, kuma iyayenmu mata na zumunta sun ce yanzu suna jin kalmomin waƙa. Shi dai ya ce hannunsa na ƙaiƙayi. Za mu sake zama a kan maganar ranar Asabar bayan koyon waƙa, kuma Baba ya ce duk mai son koyon karanta zane ya zo da littafi da fensir.