Ƙazwar Akuya Mai Ciki: Darasin Da Muka Saya Da Tsada

Jama'a, a gidan malamin makaranta a nan Injamena akuya ita ce asusu. In albashi ya yi jinkiri, ko yara za su koma lakwal, ɗan akuya ake ja zuwa kasuwa. Saboda haka ciwon akuya mai ciki ciwon gida ne baki ɗaya.

A shekarar 2022, da kogin Shari da na Logon suka yi ambaliya, wasu 'yan'uwa da ruwa ya ci gidansu suka kawo mana ajiyar awakinsu. Muka haɗa su garke ɗaya da namu biyu, dukansu da ciki. Bayan 'yan makonni sai muka ga namu suna ta goga jiki da bango, gashin fuska da na kunne yana zubewa, fata ta yi kauri ta yi ɓawo. Ga rama, ga ƙin cin abinci.

Nan fa shawara ta yi yawa. Wani maƙwabci ya ce a shafa baƙin man mota. Muka shafa, fatar ta ƙara ɗayewa, su kuma suna lasa. Sai ga wani mai yawo da magani a jaka, ya yi wa babbar allura, ya karɓi kuɗinsa. Ƙaiƙayi ya lafa, muka yi murna. Ba a yi mako ba ta yi ɓarin 'ya'ya biyu, saura wata ɗaya cikin watanni biyar na cikinta. Uwargida ta yi kuka, mu kuwa kunya ta rufe mu. Mu da muke hana ɗalibai amsa da ka, ga shi mun yi magani da ka.

Ta biyun muka kai wa likitan dabbobi a Farsha. Ya kankare fatar ya duba a madubin likita, ya ce ƙazwa ce: wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa rami cikin fata, yana yaɗuwa ta cuɗanya. Ya ce ta bambanta da kirci, wanda ke zuwa da damina da kaska, maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Da muka nuna masa kwalbar mai jaka, ya ce dexamethasone ce, mai kwantar da ƙaiƙayi amma tana jawo naƙuda ga akuya mai tsohon ciki. Ya kuma gargaɗe mu kan albendazole, maganin tsutsar ciki, a farkon ciki.

Ya auna nauyinta, ya yi mata allurar ivermectin, ya ce a maimaita bayan mako biyu, don ta farko ba ta kashe ƙwai. Aka yi wa sauran garken ma. Muka share garke, muka ƙone shara, muka ƙara mata dusa da harawa. Ta haifi 'yarta lafiya, gashi ya tsiro.

To 'yan'uwa, baƙuwar dabba a ɗaure ta gefe tukuna, ko ta ɗan'uwa ce. Duk mai allura kuma a fara gaya masa akwai ciki, a nemi ganin kwalba. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya sa albarka a abin da muke kiwo, amin.