Harsashin da ke tona asirin kankare

1/ Jama'a, ku zo mu yi maganar kankare. A makaranta an koya mana cewa idan ana zuba shi, a ɗebi kaɗan a cika mazubi mai faɗin milimita 150, a jiƙa a ruwa kwana 28, sannan inji ya matse shi har ya fashe. Daga nan ake sanin ƙarfinsa.

2/ Amma fa wannan ɗan gata ne. An daddale shi da kyau, ya sha ruwa ya ƙoshi. Shi kuwa ginshiƙin da zai ɗauki benen, rana ce ta gasa shi.

3/ Da nake SIWES na ga leburori suna ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi saukin zuba, bayan an riga an ɗebi na gwajin. Takarda ta fito lafiya lau. Ginshiƙin fa? Wallahi ba wanda ya tambaya.

4/ To akwai yadda ake tambayar ginin da kansa. Sunan na'urar Windsor, a Amurka aka ƙirƙiro ta a shekarun 1960. Kamar bindiga take, tana harba ƙusar ƙarfe cikin busasshen kankare da albarushi mai awo ɗaya kullum.

5/ Uku ake harbawa kusa da juna, a auna tsawon da ya rage a waje, a ɗauki matsakaici. Mai ƙarfi ba ya barin ƙusa ta nutse sosai. Rubabbe kuwa haɗiye ta yake yi.

6/ Sai dai a kula. Taurin tsakuwa yana canza sakamako, don haka dole a daidaita awon da irin tsakuwar da aka yi aikin da ita. A kauce wa rodi da bakin ginshiƙi. Kiyasi ne kawai. Idan ya nuna matsala, sai a yanko kankaren a kai ɗakin gwaji.

7/ Mun tuna bene mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi a Nuwamban 2021, mutum sama da 40 suka rasu. Allah Ya jiƙan su. Gini ba ya karanta takarda.

8/ Idan babanku ko yayanku na gina bene, ku ce ya tambayi injiniya: an gwada ginshiƙan kansu kafin a ɗora hawa na gaba? Ramin ƙusa cokali ɗaya na siminti ke toshe shi.

Allah Ya tsare mu. A tura wa mai gini.