Hannu Da Yawa A Kan Takarda Ɗaya

Tun shekarar 2006, lokacin da kamfanin Google ya sayi wata manhaja mai suna Writely ya mayar da ita Google Docs, ake ta kururuta cewa wahalar aikin haɗin gwiwa ta ƙare. Mutum goma sai su buɗe takarda ɗaya ta intanet, kowa na rubutu, kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ke rubutawa nan take. To, mai karatu, shin amfanin ya kai yadda ake faɗa?

Inda abin ya yi rana, gaskiya ya yi. Mu shida ne a rukuninmu, aka ba mu aikin tattaro kalmomin sana'a daga bakin mahauta da 'yan koli. A da sai dai a yi ta tura wa juna kwafi, wannan ya gyara sabo, wancan ya gyara tsoho, ranar miƙa aiki a rasa wanne ne na ƙarshe. Yanzu takarda ɗaya ce tal. Wanda ya rubuta k a wurin ƙ don wayarsa ba ta da baƙaƙe masu lanƙwasa, sai wani ya bi bayansa ya gyara. Ga kuma tarihin gyare-gyare, mai nuna wanda ya rubuta kowane abu da lokacin da ya rubuta. Masu laɓewa a bayan rukuni su ci maki a ɓagas ba sa ƙaunar wannan shafi ko kaɗan. Ni kam ina ƙaunarsa.

Da aka zo rubuta sharhi ne lamarin ya sauya. Jimla kamar tuwo take, sai an bar ta ta nuna. Kana tsakiyar tunani, ka rubuta rabi, sai ka ga alamar wani ta sauka a kan layinka yana canja maka kalma. Wata daga cikinmu, wadda ta fi mu kaifin fahimta, daina rubutu ta yi a ciki, domin ba ta son a riƙa leƙen ɗanyen tunaninta. Manhajar ta iya haɗa haruffan mutum biyu ba tare da sun ci karo ba, dabarar da masana kwamfuta suka bayyana tun 1989, amma saɓanin ra'ayi yana nan inda yake, sai ma share wa juna layi da ya ƙaru.

Sharhin dai a gindin mangwaro muka zauna muka yi gardamarsa baki da baki. Daga nan mutum ɗaya ya rubuta shi, mu biyar muka bi da tsokaci a gefen shafi.