Dogo ne ko gajere?

Tun ina yaro nake son sauraron cigiya a gidan rediyon Muryar Sahel. Sai ka ji an ce yaro ya ɓata a kasuwar Katako, shekararsa 6, wankan tarwaɗa ne, siriri, yana da tabo a goshi. Kalmomi kaɗan ne, amma da su ake gane shi cikin dubban mutane, a mai da shi wurin uwarsa.

To, Yamai gari ne mai baƙi da yawa. Akwai ƴan kasuwa daga Gana da kudancin Najeriya waɗanda ba su jin Hausa sosai, ba su jin Zabarmanci, ba su jin Faransanci. In ƙanenka ya ɓata kusa da rumfar ɗayansu, da wane harshe za ka siffanta shi? Da Ingilishi. A shekara ta 2025 ma an sa shi cikin harsunan aiki na Nijar, tare da Faransanci. Ku ma za ku fara koyon shi a ajin farko na kwaleji.

Wasu kalmomin ba su da wuya. Gajere shi ne "short", ko mutum ne ko sanda. Dogo kuwa ya rabu biyu: dogon mutum "tall", doguwar igiya "long". Mai sanƙo "bald" ne. Gemu "beard".

Inda nake so ku yi hankali shi ne launin jiki. Mu in mun ce Hadiza fara ce, kowa ya san ba Baturiya ba ce, fatarta ce ta fi ta ƴan uwanta haske. Amma in ka ce "white", mai sauraro zai shiga neman Bature, alhali yarinyar tana tsaye gabansa! Abin da ake cewa shi ne "fair" ko "light". Baƙi kuma "dark" ne. Wankan tarwaɗa fa? A Najeriya da Gana sukan ce "chocolate", wato launin cakulan. Ni dai tamu ta fi mini daɗi, domin duk wanda ya ga tarwaɗa a bakin kogi ya san abin da ake nufi.

Sai maganar ƙiba. A gidanmu in baƙo ya dawo daga tafiya aka ce masa ya yi ƙiba, murmushi yake yi, yabo ne. A Ingila ko Amurka kuwa, in ka ce wa mutum "fat", ka zage shi. Haka siriri da ramamme: "slim" yabo ne, "skinny" ba yabo ba ne.

Tsawo mu da mita muke auna shi. Su sau da yawa da ƙafa suke aunawa. Mai ƙafa 6 ya kai mita 1 da santimita 83.

Akwai kalmar da Ingilishin yau da kullum bai da irinta guda ɗaya: wushirya. Sai dai su ce "gap" a tsakanin haƙora. Faransawa suna kiran ta "dents du bonheur", wato haƙoran sa'a. Mu kuwa mun raba wushirya da giɓi: wushirya halitta ce, giɓi haƙori ne ya fita. In yaron da ake cigiya ɗan shekara 6 ne ko 7, sai ka duba da kyau kafin ka faɗa, domin a lokacin ne yara suke famfara.